Sunan Sumani a Jikin Kwalba

Wasilatu ba ta daɗe da fita takaba ba wani Bature mai suna Bartholomew ya kira ta daga Birmingham. Ya ce shi ne maigidan da marigayi mijinta Sumani ya yi wa aiki shekara da shekaru, kuma sun shirya taron tunawa da shi. Ita iyakar saninta mijinta direba ne, yana kai kaya otal-otal, ranar Juma'a ya dawo gida unguwarsu ta Hulme. Ta ɗauka irin taron da ta saba ne, na addu'a da sadaka. Ta soya waina cike da kula, ta ja 'yarta Shetu suka hau jirgin ƙasa.

Tun a matakala warin ya tare ta, kamar an jiƙa ruɓaɓɓen katako da maganin wanke ciwo. Ɗakin a ƙarƙashin shago yake. Dogon tebur, tsofaffi sun kewaye shi, gaban kowa ƙananan kofunan gilashi da wani ruwa kalar fitsarin mai zazzaɓi. A tsakiya ga hoton Sumani da hularsa ta Sallah, shi ma an tsiyaya masa nasa kofin.

Bartholomew ya tarbe su hannu bibbiyu. Ya yi bayani, Shetu na fassara inda ya yi sauri: wiski ne, giyar Sikotilan, an haɗa iri-iri, an bar shi a ganga ya tsufa fiye da shekara ashirin. Kafin ya rufe baki an fara. Kowa ya juya kofi, ya tura hanci ciki, ya kurɓa, ya kuskure baki, ya tofar a bokiti ɗaya. Wannan ya ce yana jin zuma, wancan ya ce hayaƙi, wani mai jan hanci ya lumshe ido ya ce tsohuwar fata.

"Ki ji," in ji Wasilatu da Hausa. "Mutum da furfurarsa yana yabon warin tsohon takalmi."

"Mma, a hankali mana."

"Wa ke jin Hausa a nan? Bokitin?"

Sai Bartholomew ya ɗaga wata kwalba. Ya ce duk cikinsu babu mai hancin Sumani. In suka kasa zaɓa, daga mota suke kiran shi ya raba gardama. Wannan haɗin shi ya zaɓa kafin ya kwanta ciwo, don haka suka sa masa sunansa. Ga shi kuwa baro-baro a takardar jikin kwalbar, har da hoton. Akwai wasu a kwali, gobe za a raba su.

Wasilatu ta juyo wajen Bartholomew. Ta tambaye shi da Turancinta, ba ta jira Shetu ba, ko mijinta ya taɓa sha.

"Ko a leɓe," in ji Bartholomew. "Ya shinshina, ya yamutsa fuska, ya ce wannan bai kai wancan muni ba."

Tsofaffin suka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ce a cire sunan.

Ya tsaya yana kallon ta. Ya ce a wurinsu babu girmamawar da ta wuce wannan, kuma shi ma kewar mutumin yake. Ya ce to a cire hoton, a bar sunan.

"Yana kwance a kabari," ta ce, "ba shi da bakin cewa a'a. Duk wanda ya bugu sai ya kira shi. Ni na wanke masa kaya, na san warin da yake shigo mini da shi, ban taɓa tambaya ba. Wannan kam ban yarda ba."

Ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofa, ta ce ba ta tashi. Wani ya tofar a bokitin a hankali.

Can Bartholomew ya ɗauki kwalin ya kai bayan ɗakin, inda ake wanke kofuna, ya tara ruwan ɗumi. Ya ce shi hannunsa ba zai iya cire takardun ba. Shetu ta miƙa hannu, uwar ta buge shi. Wasilatu ta naɗe mayafi ta toshe hanci, ta kama kwalbar farko da yatsa biyu, abin da ba ta taɓa taɓawa ba a rayuwarta, ta tsoma a ruwa. Da cokali ta riƙa kankare takardun, ɗaya bayan ɗaya, tana kawar da kai tana yunƙurin amai.

Da ta gama ta koma tebur. Mai jan hancin nan yana tsiyayawa daga kwalbar da aka buɗe, sunan Sumani na nan a jikinta. Ta tsaya a kansa, hannu a miƙe, har ya ba ta.