Shafin Ƙarshe na Kaka Scholastica

"Kaka Scholastica, in kin mutu wa zai ƙarasa waƙar?"

Na kai wa Jamila mintsini a cinya. Shekararta shida, bakinta ba linzami. Tsohuwar kuwa ta yi ta dariya har tari ya sarƙe ta.

"Bar ta, Maman Jamila. Ni ma tambayar da nake wa kaina ke nan."

Katanga ɗaya ce tsakaninmu a Narayi. Shekara talatin ta yi tana koyar da adabi. Da ciwo ya kwantar da ita, sai ta koma rubuta waƙoƙi da Hausa a kan matan tatsuniyoyin Girka. Ina kai mata kunu, tana karanta min. Ranar tana kan wata yarinya ce da ubanta, sarkin yaƙi, ya yanka don iska ta taso ta tura jiragensa na ruwa.

"Haba Mama, a gaban yarinya?"

"A tawa waƙar ba a yanka ta ba tukuna," ta ce, idonta a lumshe. "Na ɗauko ta na kawo bakin kogin Kaduna. Ga ta can tsaye, ruwa na lasar ƙafarta, ta buɗe baki za ta amsa wa uban. Shekaru aru-aru ba wanda ya bari ta yi magana."

"Me za ta ce?" in ji Jamila.

"Ta ce sai gobe za ta gaya min."

Washegari da hantsi ina shanya, na hango ta ta taga tana rubutu da jan biro, tana murmushi kamar mai baƙuwa. Kafin azahar, Kaka ta cika.

Aka kai ta garinsu. Bayan mako guda ɗan ƙanenta Clinton ya share ɗakin, ya loda takardun a buhu ya raba wa masu tuya na bakin titi.

"Anti, tsofaffin takardun makaranta ne fa," in ji shi.

Na bi masu ƙosai ɗaya bayan ɗaya, Jamila riƙe da gefen hijabina. Shafi huɗu na samu, mai ya ci rabinsu. A cikinsu yarinyar na nan tsaye bakin ruwa, bakinta a buɗe. Shafin ƙarshe ne ban gani ba.

Don Allah, in ka sayi ƙosai a Narayi ko Unguwar Boro, ka ga jan rubutu a takardar, kada ka dunƙule ta ka jefa a kwata. Warware ta ka karanta tukuna.