Muna Bayanka

Riskuwa tsohon ma'aikacin gwamnati ne, gidansa na Badariya a Birnin Kebbi, amma tun da ya yi ritaya ya sayi gonar albasa a fadamar Argungu, kusa da shinkafar Maigandi. Kullum da rediyo a kunnensa, kuma babu labarin duniya da zai wuce bai sa masa baki ba.

Ranar nan muna zaune a rumfar mai shayi aka ce wata babbar ƙasa za ta kai wa 'yan ta'adda farmaki, ƙawayenta kuwa sun ce suna goyon baya, amma ba za su aika ko soja ɗaya ba. Riskuwa ya kusa kifar da kofinsa. Ya kira su matsorata, ya ce abota a baki ba abota ba ce, da shi ne shugabansu da tuni jirage sun tashi.

Ana cikin haka Maigandi ya iso, laka har gwiwa. Dorina ce ta fito daga gulbi kwana uku a jere tana cin shinkafarsa, saura mako biyu girbi, kuma shinkafar nan ce abincin gidansa na shekara. Ya roƙe mu mu taru da ganguna da gwangwanaye mu kore ta gobe da safe.

Riskuwa ya dafa ƙirji. "Maigandi, kak ka damu. Muna bayanka."

Duk muka ce muna bayansa. Ni ma na faɗa, ba zan ɓoye ba.

Da safe Maigandi ya rataya ganga ya shige gaba. Tun kafin mu kai fadama rundunar ta fara tsiyayewa. Munzali, ɗaya daga cikinmu, ya tuna bai ba akuyarsa ruwa ba. Wani ya ce takalminsa sabo ne. Riskuwa ya tsaya a kan tudu, ya ce kowane yaƙi yana buƙatar mai hangen nesa, ni kuma na ga bai dace a bar dattijo shi kaɗai ba.

Maigandi bai waiga ba sai da ya ga dorinar ƙiri-ƙiri, tana tauna kamar gonar ubanta. Da ya juya, sai ya hango mu can nesa, ƙanana kamar kaji. Na ji kunya ƙwarai.

"Ina kuke?" ya ƙwala.

Riskuwa ya haɗa hannu a baki. "Ai bayanka munka ce! Ba mu ce gehenka ba!"

Haushi ya sa Maigandi ya rufe gangar da duka kamar ita ta yi masa laifi. Dorinar ta firgita. Maimakon ta koma gulbi, sai ta yi kwana, ta ratsa kunyar gona, ta faɗa tsakiyar albasar Riskuwa tana birgima.

Mai hangen nesa ya jefar da rediyo ya gangaro da gudu, hularsa a hannu, yana kiran Maigandi ya kawo gangar, don Allah, don Annabi.

Maigandi ya duba shinkafarsa, ya ga rabi ta tsira. Ya sauke gangar ya zauna a kanta, ya share zufa.

"Tahi, Alhaji," ya ce. "Ina bayanka."