Mai Gadin Kwamfutar Kawu

Ni dai aikina a ofishinmu shi ne shan zagi. In intanet ya tsaya, ni ce. In wani ya kifar da shayi a kan madannai ya rantse haka ya tarar da su, ni ce. Injiniya suke kirana, amma ranar da komai ke tafiya daidai ko gaisuwa sai na roƙa. Kamfanin kai saƙo ne, motocinmu na raba kaya gida-gida, kuma duk wata kwamfuta da ke cikin ginin nan a wuyana take.

Ana nan sai ga umarni daga hedikwata, wai a saka wa kowace kwamfuta wata 'yar manhaja mai sa ido. Aikinta ta zauna can ciki ta tabbatar an sabunta komai, ta hana kowa saka abin da ba a yarda da shi ba, in kuma an sace na'ura a kulle ta daga nesa. Duk kwamfutar da ba ta da ita zuwa ƙarshen wata, za a yanke ta daga layin kamfani. Kafin azahar mutanenmu sun raɗa mata suna Mai Gadi.

To Mai Gadin nan akwai tsirfa. Ba ya zama ko'ina sai a kan babbar manhaja ta zamani, wato tushen nan da duk sauran manhajoji ke hawa kansa. In tsohon yayi ce, ko kallonta ba ya yi. Yana son ƙwaƙwalwa mai faɗi, yana son wani ɗan ƙarfen tsaro da tsofaffin na'urori ba su zo da shi ba. Na bi tebur-tebur ina saka shi, wasu na sabunta su, wasu na ƙara musu ƙwaƙwalwa, har na iso kwanar da nake ta gudu.

Kwanar Kawu ce, a ɗakin karɓar koke, jikin taga. Ba kawun kowa ba ne, amma har Manaja haka yake kiransa. Makaho ne tun yana saurayi, kuma ya riga yawancinmu zuwa kamfanin. Kullum 'yarsa ke sauke shi a bakin ƙofa, daga nan kuwa ba mai riƙe masa hannu. Sabon ma'aikaci in rawar kai ta ɗebe shi ya kama masa gwiwar hannu, sai ya ji, "Sake ni, ɗana, ba hanya na tambaye ka ba." Zai hau bene, ya rataye sandarsa a ƙusa, ya sa abin ji a kunne, ya kunna kwamfuta. Akwai wata manhaja a ciki da ke karanta masa duk abin da ke kan allo, da wata murya mai gudun da ni ko kalma ɗaya ba na tsinta. Gwaggo yake kiranta, wai don ba ta gajiya da surutu. Da ita yake amsa waya, ya nemo inda kayan mutum suka maƙale, ya lallashi mai fushi har ya ajiye waya yana godiya. Tun da na zo wurin nan ban taɓa jin Kawu ya ce wa wani "karanta mini" ba, kuma duk ofishin ya san abin da ya fi ji da shi ke nan.

Kwamfutarsa kuwa ta tsufa tukuf. Babbar manhajarta masu yin ta ma sun daina waiwayarta. Mai Gadi ba zai hau kanta ba, ita ba za ta ɗauki sabuwar manhaja ba, Gwaggo kuma ba ta magana sai a kan tsohuwar.

"Injiniya, tun ɗazu kike tsaye a kaina kina numfashi," in ji shi. "Faɗi, ko mutuwa aka yi?"

Na yi masa bayani. Ya shafa gefen madannan da yatsunsa suka cinye wa rubutu.

"Wato saboda baƙo za a kori 'yar gida."

"Kawu, ba ni na kafa dokar ba."

"Na sani. Ke 'yar aike ce. Abu ɗaya nake roƙo, ki kawo mini wadda zan iya da kaina."

Na ce ya bar mini. Na matsa wa Manaja har aka fito da sabuwar kwamfuta dal a kwali. Na samo manhajar karatu ta zamani, na bi hedikwata da naci har suka sa ta cikin waɗanda Mai Gadi zai ƙyale. Na gwada ta a shafin koke, a wasiƙu, a taswirar motoci, ko'ina tana magana tiryan-tiryan. Kawu ya zo ya saurara, ya yatsine fuska ya ce wannan 'yar makaranta ce, tana magana kamar mai tsoron malami. Ya ƙara mata gudu, ya sake ƙarawa, har ta koma surutun da ya saba. Ya ce to, za su daidaita. Ranar na koma gida ina jin kaina a sama.

Ashe da sauran rina a kaba. Litinin da safe na shigo na tarar wayoyin ɗakin koke na ta kuka, Kawu kuma na zaune, abin ji a kunne, hannuwa a kan gwiwa. Na leƙa allon, nan take na ga inda matsalar take. Mai Gadi yana da tasa ƙofar da yake kafawa tun kafin a shiga, inda ake rubuta kalmar sirri, kuma ba ya barin wata manhaja ta farka sai an wuce ta. Har da mai karatun. Duk gwajin da na yi, da idona nake wuce ƙofar nan ba tare da na ma lura da ita ba, sannan in fara gwaji. Sharuɗɗan da masu Mai Gadi suka rubuta duk na cika su, ba wanda ya ce a gwada da ido a rufe.

"Tun yaushe kake zaune haka?"

"Ina jira ta gaishe ni," ya ce. "Na ɗauka nauyin baki ne irin na baƙunta."

Wallahi kunya ta kama ni har wuya. Na rubuta wa masu manhajar, suka amsa da ladabi mai ban haushi, wai na'urar ta cika duk ƙa'ida, batun manhajar da ke yi wa makafi karatu kuma za a duba shi a fitowar Mai Gadi ta gaba. Na roƙi hedikwata su ɗage wa kwamfuta ɗaya tak, suka ce in aka buɗe wa ɗaya an buɗe wa ɓarawo. Na je wa Manaja. Mutumin kirki ne, amma irin masu son a kashe magana kafin shayinsu ya huce.

"Abin ai mai sauƙi ne," ya ce. "Wani ya riƙa shigar masa da safe. Ko mu mai da shi wurin karɓar baƙi, can ba ruwansa da kwamfuta."

Da na kai wa Kawu saƙon sai ya yi dariya. "Wato a ajiye ni kusa da tukunyar fulawa, ana ba mu ruwa tare. Zauna nan, Injiniya. Faɗa mini yadda ƙofar take."

Na ja kujera. Na kwatanta masa komai, inda akwatin suna yake, inda na kalmar sirri yake, wane maɓalli ke tsallakawa daga wannan zuwa wancan. Ya bi da yatsu a cikin shirun, ya kuskure, ya sake, ya kuskure. Kafin a tashi ya haddace. Washegari ya shiga shi kaɗai, muryar ta tarbe shi a ciki, ya ɗaga hannu sama kamar wanda ya ci ƙwallo. Ya yi makonni yana yi wa 'yan ɗakin burga, wai shi da Mai Gadi yanzu gaisuwar kurame suke yi.

Sai dai Mai Gadi sabunta kansa yake yi, ba ya neman izinin kowa, ai dalilin kawo shi ke nan. Wata safiya ya wayi gari da sabon salo. An ƙara wani akwati a ƙofar, mai nuna wasu haruffa a karkace cikin hoto, sai ka kwafe su kafin ka wuce. Kullum kuma daban suke fitowa. Ba abin da za a haddace.

Ina ofishina wayar tebur ta yi ƙara. Na ɗauka, na ji numfashi kawai. Can Kawu ya ce, "Injiniya. In kin samu sarari, zo ki karanta mini."

Ban san lokacin da na hau benen ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa wanda zan zaga. Wanda ya ƙara akwatin nan yana can wata ƙasa, ƙila ma an yaba masa.

Tun daga ranar nake riga kowa zuwa. Ina jin ƙarar sandarsa a bene sai in je in tsaya jikin taga kamar mai duba waya. Ya zauna, ya kunna, in sunkuya in raɗa masa haruffan, in kau da kai ya rubuta kalmar sirrinsa. Kafin sauran su iso yana cikin aiki, ba wanda ya ga komai. Har yau ina rubuta wa masu manhajar, har yau amsar ɗaya ce, fitowa ta gaba.

Makon jiya mura ta kama ni. Ina cikin karanta masa tari ya sarƙe ni, har sai da na dafa tebur. Kawu ya cire abin jinsa ya juyo.

"Tun yaushe? Kin sha magani? Akwai zazzaɓi?"

"Mura ce kawai, Kawu."

"Kada ki raina ta. Ki sha ruwan ɗumi, ki daina zama ƙarƙashin na'urar sanyin nan taku."

Abin ya taɓa ni. Na ce, "Allah sarki Kawu, ko babana iyakar abin da zai ce ke nan."

Ya juya abin jin a hannunsa, ya sake juyawa.

"Kada ki gode mini, 'yata," ya ce. "Jiya da na ji muryarki ta fara dushewa, na koma gida na yi ta yi miki addu'ar lafiya. Ina tsakiyar yi na tambayi kaina, don wa nake yi? Wallahi ba don ke ba ne. Tunanina wa zai karanta mini in kin kwanta. Da can in na tambayi lafiyar mutum, lafiyarsa nake tambaya."

Wayar farko ta ranar ta fara ƙara. Ya mai da abin jin kunnensa, ya gyara murya, ya yi wa mai kiran sallama.