Karen da Ya Ƙi Tsire

Tun daga bakin tasha mutanen Sandamu suka fara jiyo hon ɗin babur ɗin Ɗantsoho, yana dannawa ba ƙaƙƙautawa kamar mai rakiyar amarya. Da ya shawo kwanar masallaci sai aka ga abin da ya sa shi wannan rawar kai. A gabansa, bisa tankin mai, ga wani dogon kare ja, mai siririn ƙugu da ƙafafu kamar na barewa, ya ɗaga kai yana kallon gari kamar ba shi aka ɗauko ba.

Ɗantsoho manomi ne da damina, mafarauci da rani. Ya ba hamsin baya, kuma tun yana saurayi bai taɓa fashin farauta ba sai bara, da maciji ya sare masa karensa a gonar gyaɗa. Rani guda ya yi zaune a ƙofar gida, gangar mafarauta tana wucewa, shi kuwa sai haɗiyar miyau. Shi ya sa da aka ba shi labarin wani Buzu da ya sauka da raƙumansa can bayan garin Babban Mutum, yana da karen da ba a ga irinsa ba, bai tsaya shawara da kowa ba. Ya ɗaure ragonsa a bayan babur ya tafi. Ya bar rago can, ya dawo da kare.

A gaban teburin Sada mahauci ya taka birki, don shi ne abokinsa tun na ƙuruciya.

"Sada! Ajiye wuƙar nan ka taso ka ga ikon Allah! Wallahi da idona na gani, zomo ya tashi, ya ba shi rata kamar daga nan zuwa rijiyar makaranta, sannan ya bi. Kafin in ce kai, zomo na bakinsa!"

Sada ya zagaya babur yana goge hannu da tsumma. "Wannan ai tsinke ne, Ɗantsoho. Daga nan ina ganin haƙarƙarinsa ɗaya bayan ɗaya."

"Haka jinsinsu yake, kai ka san kare? Harsashi na sa masa. Saura kwana goma sha biyu a buɗe dawa a fara farauta, ranar za ka ji labari."

A gida, matarsa Laraba ta tsaya bakin madafa ta dubi karen, ta dubi maigidan. Ita ba ta taɓa shiri da kare ba, karensa na da ma haƙuri kawai ta yi da shi.

"Malam, ka san sharaɗina," ta ce. "Kada ya kusanci randata, kada ya taɓa mini kwano."

"Ba zai taɓa ba. Wannan mai tarbiyya ne."

Ya ɗaure shi a inuwar darbejiya, kusa da rumbu, ya juye masa sauran tuwon dawa da miyar kuka a wata tsohuwar tasa. Harsashi ya sunkuya ya shinshina, ya ɗago ya dubi Ɗantsoho, sannan ya juya wa tasar baya ya kwanta.

"Gajiyar hanya ce," in ji Ɗantsoho.

Washegari kaji ne suka cinye tuwon. Ɗantsoho ya ce ai dama shi ya yi kuskure, babban kare ba a tarbarsa da tuwo. Ya garzaya wurin Sada ya karɓo huhu da tumbi da wani ƙashi mai ɓargo, ya shimfiɗa su gaban Harsashi kamar mai baje kolin kaya. Ƙamshin ya jawo karnukan unguwa har uku, suka tsaya a ƙofar gida suna zubar da miyau. Harsashi kuwa ko kunne bai kaɗa ba. Ruwa kawai ya lasa, ya koma ya ɗora haɓa bisa ƙafafunsa.

Da la'asar Sada ya zo da kansa, da tsire mai zafi a takarda, ya sha ƙuli da mai.

"Matsa in gwada. Ba a yi mai ran da zai ƙi tsirena ba a ƙasar Daura."

Ya zare tsoka guda ya jefa. Ta faɗi dab da hancin karen. Harsashi ya ɗaga kai a hankali, ya matsar da shi gefe, don kada ma ƙamshin ya dame shi. Sada ya riƙe baki.

"La'ilaha illallahu! Ɗantsoho, anya ba aljani ka ɗauko ba?"

Kafin kwana na uku labari ya gama gari. Duk wanda ya haɗu da Ɗantsoho sai ya ba shi magani. Wani ya ce ƙwai ɗanye, wani ya ce busasshen kifi, wani tsoho ya ce a tofa masa a ruwa don kambun baka ne. Duk ya gwada. Har kifin gwangwani ya sayo a shago, abin da shi kansa bai taɓa sa wa bakinsa ba. Harsashi ya lashi man sau ɗaya ya yi atishawa.

A rana ta huɗu ya sake ɗora shi a tankin babur sai Daura, wurin Malam Musaddiq likitan dabbobi. Likitan ya buɗe bakin karen ya duba dasashi, ya auna zafin jikinsa, ya lallatsa cikinsa, ya ɗura masa maganin tsutsa.

"Baba, karenka ba shi da ciwo," ya ce. "Baƙunta ce da kewar gida. Me yake ci a wurin mai shi?"

Ɗantsoho ya sosa ƙeya. Ya tambayi Buzun nan gudun karen, ya tambayi shekarunsa, ya tambayi uwarsa da ubansa, amma bai tambayi abin da yake ci ba. Lambar waya ma bai karɓa ba, kuma mutumin ya ce masa washegari zai tsallaka iyaka.

"To, ga abin da za ka yi," in ji likitan. "Ka riƙa zagayawa da shi da safe ya motsa jiki. Abincin ka ɗumama shi, don ƙamshi ya tashi. Kaɗan za ka zuba, in bai ci ba ka ɗauke, kada ya wuni a gabansa. Kuma ka rage masa taron jama'a."

Ɗantsoho ya dawo da ƙarfin gwiwa. Da sassafe ya ja Harsashi suka zaga bayan gari, ta cikin gonakin da aka gama girbe gero. Da suka dawo ya sa Laraba ta tafasa masa romon ƙashi, ya bari ya huce daidai yadda yatsa zai iya shiga. Sai dai maganar rage taro ce ta gagara, don Sada da maƙwabta biyar sun riga sun jeru a bakin zaure suna leƙe.

Harsashi ya tashi. Ya matso. Ya sa hanci a tururin romon, ya zaro harshe ya lasa sau ɗaya, ya sake lasa.

"Ya sha! Wallahi ya sha!" Ɗantsoho ya daka tsalle har hularsa ta faɗi. Mutanen zaure suka ɗauki sowa, Sada yana buga ƙyaure da tafin hannu.

Karen ya zabura, ya shige ƙarƙashin rumbu, ya ƙi fitowa har azahar.

Ɗantsoho ya zauna bisa turmin da aka kife ya yi tagumi. Saura kwana bakwai a buɗe dawa, ga shi ya cika gari da baki, ga kare kullum ƙara shigewa yake. Laraba tana sheƙe gero a gefe, da mutane suka watse sai ta dube shi.

"Malam, in faɗi wani abu?"

"Faɗi mana. Kowa ma ya faɗi nasa."

"Ni ba kallon karenka nake ba, amma wuni nake a gidan nan. Duk sanda na sa taɓarya a turmi, sai ya miƙe tsaye yana kaɗa wutsiya. Jiya kuma da 'yar Fulani ta sauke ƙwaryar nono, har igiyarsa ya ja, ya kusa tsinke ta. Naman nan da kuke ta jibga masa, ina jin bai san shi a matsayin abinci ba. Mutanen da ke yawo da raƙuma kullum yanka suke yi? Ai gero ne da nono."

Ɗantsoho ya miƙe tsaye a hankali, bakinsa a buɗe. Sai yanzu ya tuna: ranar da ya je, a bakin bukkar Buzun ya tarar da karen kwance, kusa da wata mata tana daka.

"Laraba! Allah ya yi miki albarka! Akwai sauran nono? Akwai gari? Dama, dama yanzu!"

"To sarkin gaggawa, bari ruwa ya tafasa."

Ta dama kunun gero mai kauri, ba tsamiya ba sukari, ta bari ya sha iska, ta kwarara masa nono har ya yi fari. Ta zuba ludayi uku a wata sakaina, ta ce tasar nan ta ƙarfe duk ta ɗauki ƙarnin kifi. Ɗantsoho ya karɓa da hannu biyu yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, ya durƙusa gaban rumbu.

"Harsashi. Zo, ɗan albarka. Zo ka ga."

Hanci ya fara leƙowa, sannan kai, sannan dogon jikin gaba ɗaya. Wutsiya tana kaɗawa. Karen ya zo har bakin sakaina, ya shinshina, miyau ya ɗigo daga bakinsa. Amma bai sha ba. Sai ya ɗaga kai ya tsallake Ɗantsoho da kallo, ya kafe Laraba da ido.

"Me kuma ya rage?" Ɗantsoho ya ce, muryarsa kamar zai yi kuka.

Laraba ta yi tsaki, ta gyara ɗaurin zanenta. "Kauce, Malam. Koma bayan ɗaki, kada ya gan ka."

"Ke? Ke da kika ce..."

"Na ce kada ya taɓa mini kwano, ban ce ya mutu a gidana ba. Kauce."

Ya koma bayan ɗaki ya leƙo da ido ɗaya. Laraba ta ɗauki karan dawa, ta tsuguna nesa kaɗan, ta tura sakainar da shi zuwa gaban karen. Ta kaɗa harshe irin yadda take kiran awakinta, sannan ta kau da kai ta ci gaba da tsince gero kamar ba ruwanta.

Sai ga sauti, lak, lak, lak.

Ɗantsoho ya cusa hularsa a baki don kada ihu ya kuɓuce masa. Yana tsaye yana rawa a wuri ɗaya, hawaye har gemu. Harsashi ya shanye kunun tas, ya lashe sakainar har ta kife, ya bi ta da hanci yana turawa.

"Ƙara masa! Laraba, ƙara masa!"

"Ba kai ka ce likita ya ce kaɗan-kaɗan ba? Cikin da ya kwana biyar ba komai? Sai la'asar."

Bai iya zama ba. Ya fita a guje ba takalmi, bai tsaya ba sai teburin Sada, inda mutane ke jiran a yanka musu nama.

"Ya ci! Jama'a, ya ci! Kunu da nono!"

Sada ya saki wuƙa. "Kunu? Ya ƙi tsirena ya sha kunu?"

"Ya shanye har ya kifar da sakaina!"

Daga ranar Laraba ce mai ba Harsashi abinci, safe da la'asar, kullum da karan dawarta a hannu. Kwana biyu tana ba shi kunu zalla. A na uku ta daka ɗan busasshen nama ta barbaɗa a ciki, ya tsaya ya dube ta, sannan ya shanye. Ta riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, har ya fara tauna ƙananan tsoka in dai sun jiƙa da nono. Ta kuma sa Ɗantsoho ya riƙa zama kusa da ita, yau taku biyar, gobe taku uku, har ranar da ta miƙa masa karan ya tura sakainar da kansa, karen ya sha. Gashinsa ya fara sheƙi. Da safe in sun fita bayan gari, Ɗantsoho ne ke haki a baya, igiya tana neman fizge masa hannu.

Ranar buɗe dawa, mafarauta sun fi sittin, daga Sandamu da ƙauyukan kewaye, kowa da gora da karnukansa. Ana ta zolayar Ɗantsoho, wai ga mai karen da ake dama wa kunu kamar mai jego. Shi dai murmushi kawai yake.

Hantsi bai gama ɗagawa ba zomo ya tashi daga gindin wata sabara. Karnuka sun fi ashirin suka rufa masa baya. Ɗantsoho ya saki igiya.

"Harsashi! Kama!"

Abin da ya gani kawai shi ne wani jan abu ya ratsa tsakiyar karnukan nan ya fita ta gaba. Zomo ya karya kwana, Harsashi ya karya tare da shi. Ya sake karyawa, sai ga su sun mirgina tare cikin yayi. Dawa ta ɗauki ihu. Ɗantsoho yana gudu yana kiran sunan karensa, ƙaya tana yagar masa wando bai ma sani ba.

Ya karɓi zomon da sauran ransa, ya yi bisimilla ya yanka. Kamar yadda aka saba, ya farke cikin ya jefa wa karen hanji, ladan kamunsa. Harsashi ya shinshina, ya ja da baya yana haki, ya zauna yana kallon jakar da ke rataye a kafaɗar ubangidansa. Mafarauta suka fashe da dariya.

Ɗantsoho bai kula su ba. Ya zaro gorar kunun da Laraba ta cika masa, ya girgiza, ya tsiyaya a sakaina. Yana tsugune yana riƙe da ita, karen yana sha, sai wani dattijo daga Zango ya matso ya tsuguna kusa da shi, ya rage murya.

"Malam, nawa karen ma kwana biyu ke nan yana wasa da abinci. Da tsamiya ake damawa, ko babu?"

"Babu," in ji Ɗantsoho. "Kuma ka bar shi ya huce."

Daga can gabas aka sake buga ganga, alamar an ta da wani. Harsashi ya ɗaga kai, nono na ɗiga daga haɓarsa, kunnuwansa suka miƙe. Ɗantsoho ya cusa zomo a jaka, ya ɗauki gorarsa, suka nufi wajen da gudu.