Izinin Manaja

Masu tsohuwar manhajar da ke raba wa ma'aikata izinin taɓa bayanan aiki a wani kamfanin jigilar kaya sun daina kula da ita, sai aka ɗora wa Injiniya aikin mayar da ma'aikata arba'in kan sabuwa. Mako biyu ta yi tana tsarawa: mai sito ya ga kayan sito kawai, direba ya ga hanyarsa, mai karɓar oda ya rubuta amma kada ya iya gogewa.

Sai ga Manaja ya faɗo ofishinta yana huci, mutumin da har yau da yatsa ɗaya yake danna kwamfuta.

"Ni za a rubuto wa wai ba ni da izini? Ni?"

"Yallaɓai, matsayinka na dubawa ne da amincewa. Gogewa ba ta cikin aikinka."

"To ki saka ta. Duk abin da kowa ke da shi a ba ni, in ba haka ba ki nemi wani wurin."

'Ya'yanta biyu na makaranta, mijinta kuma ba aiki. Ta buɗe masa komai, ranta a ɓace.

Kwana uku gogan naka yana yawo cikin manhaja kamar akuya a rumfar kayan miya. Rana ta huɗu ya ga jerin odar mako, wai ya cushe masa fuskar kwamfuta. Ya zaɓe duka ya danna gogewa. Manhajar ta tambaye shi ko ya tabbata. Yo Manaja ya taɓa rashin tabbata?

Motoci tara suka wuni a haraba, direbobi ba su san inda za su kai kaya ba.

Mai kamfani ta zo da kanta. "Wa ya yi wannan ɓarnar?"

Injiniya ta buɗe shafin da ke nuna abin da kowa ya taɓa. Ga sunan Manaja nan ɓaro-ɓaro. Har ta fara jin sanyi a ranta, amma shi ko gezau.

"Ranki ya daɗe, ni na san kwamfuta ne? Abin da ba a so in taɓa, don me aka bar mini shi a buɗe?"

"Wa ya buɗe masa?"

Shafin ya nuna wannan ma, da sunan Injiniya a kai.

"Shi ya umarce ni, ranki ya daɗe."

"A rubuce?"

Injiniya ta ce da baki ya faɗa mata.

Kafin a tashi aiki aka rufe mata shiga manhajar. Manaja ne ya rufe da hannunsa, tunda yana da izinin hakan ma.