Rariyar Gidan Ɗanmusa

Ɗanmusa, tsohon masunci maƙwabcina, ya rasu ranar Talata da la'asar a ɗakinsa a Bagudo, ruwa ya kai masa ƙirji. Kogi bai taɓa unguwarmu ba a ranar.

A nan daga kogi muke jiran ambaliya. Duk shekara idan damina ta yi nisa, gidajen bakin ruwa sukan toshe rariyar da ke fitar da ruwan tsakar gida, don kada kogi ya biyo ta nan. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, Ɗanmusa daga kan gado yake ba da umarni. 'Yarsa Mashkura ta cusa buhunan yashi a rariyar, ta shafe da laka, sannan ta tafi kai busasshen kifi kasuwa a tsallaken iyakar Benin.

A ranar, hadari ya taso da azahar ya tsaya bisa garin. Babu iskar da za ta kora shi gaba. Ruwa ya yi ta zuba a wuri ɗaya, tsakar gidansa ta cika kamar kwano.

Na hau turmi na leƙa ta katanga.

"Baba, ruwa ya kai dokin ƙofarka!"

"Malam ɗan boko, yanzu kai ka koya min ruwa?" in ji shi daga ciki. "Kogin ya hau?"

"Bai hau ba."

"To mi kake ma kuwwa?"

Ƙofar gidan zuwa ciki take buɗewa. Mu uku, ni da maƙwabta biyu, muka tura ta, ruwan da ke bayanta ya riƙe. Na ɗauko diga na zagaya wajen rariyar. Ɗanmusa ya ji saran farko.

"Wa ke nan? Kak ka hwasa min! In kogi ya shigo, kai ka ɗauke ni?"

Na dakata. Dattijo ne, gidan kuma nasa ne. Da na ƙara kiransa bai amsa ba, sai na ci gaba da sara. Lokacin da buhunan suka fice, ruwan ya kayar da ni.

An yi masa wanka, an yi salla. Kabari biyu aka haƙa jiya, duka sun tsatso da ruwa. Yana zauren masallaci cikin likkafani, an ɗora makarar a kan benci, masu haƙa sun tafi duba tudun hanyar Zagga.