Larabar Tokar Baba Boni

"Badaru mai fetur ya ce ba shi amsar taransifa, tsohon kuɗɗi ma ba shi so."

Maigidana ne ya faɗi haka, ya dire jarkar da ya fita da ita a tsakar gidan Baba Boni. Daga ƙarar da ta yi kowa ya san babu ko ɗigon fetur a ciki. Mama Lidiya, matar Baba, tana tsugune bakin murhu tana dama masa kunu, ba ta ko ɗago ba. Ni kuwa ina bakin ƙofar ɗaki riƙe da mafici, sai na ji wani sanyi ya ratsa zuciyata. In babu mai, babu tafiya. In babu tafiya, mijina, da yake shi ne direban, zai wuni a gida lafiya.

Lokacin canjin kuɗi ne, ana saura 'yan kwanaki a yi zaɓe. Sabbin takardun ba su iso Gummi ba sai a bakin mutane, tsofaffin kuma kowa na gudunsu. A cikin wannan hali ne ciwon zuciyar Baba ya tashi, ƙafafunsa suka kumbura, likita ya ce a mayar da shi gida a ci gaba da lallaɓawa. Baba ya gane abin da ake nufi. Abu ɗaya ya roƙa: a kawo masa Fada, limamin cocinsu. Ƙaramin cocin da suke zuwa ba shi da Fada zaunanne, sai an ɗauko daga can wajen Zuru, kuma hanyar daga Daki Takwas zuwa can, kowa ya san su wa ke fitowa a kanta da bindigogi.

Bonifas ne sunansa na yanka, mutumin Zuru, ɗan Katolika. Aikin malamin gona ya kawo shi garinmu tun kafin a kawo ni gidan miji, da ya yi ritaya kuma ya ce ba inda za shi. Katanga ɗaya ta raba mu. Kullum bayan magariba, muna shafa addu'a, sai in jiyo shi da Mama suna jan nasu carbin, yana faɗa tana amsawa, "A gaishe ki Maryamu," murya ƙasa-ƙasa kamar masu lallashin jariri.

Amma ba da wannan aka fi saninsa ba. A majalisa Gwamnan Banki ake ce masa. Duk hirar da aka ɗauko, ko ta taki ce ko ta aure, sai ya karkato da ita kan kuɗi. Ya ce kuɗi ba dukiya ba ne, mudu ne na awo, dukiyar tana cikin rumbu da garke da hannun mutane. Ya ce bai kamata bankuna su haifi kuɗi ta hanyar bashi mai ruwa ba. Ya ce duk jaririn da aka haifa a ƙasar nan yana da rabonsa a arzikinta, a riƙa ba shi kai-tsaye ba sai ya roƙa ba. In ya zo kan yaran Bagega da gubar dalma ta kashe, ga zinariya a ƙarƙashin gidajen iyayensu, yakan cire tabarau yana gogewa. Gidan rediyo ma sun san lambarsa, don ba a shirin kiran waya bai kira ba. Samari suna yi masa dariya, shi ma ya taya su. Liman Abubakar na unguwarmu kaɗai ke sauraronsa har ƙarshe, ya ce, "Kan riba dai, Malam Boni, bakinmu ɗaya." Baba ya ce, "To ku riƙa hwaɗi da ƙarfi, mu ma namu sun yi sanyi."

Ashe yana jin maganar jarkar daga kan gado.

"Magaji," ya kira maigidana. Muryar ta yi siriri. "Shigo. Man na nan wurin Badaru ko babu?"

"Yana nan, Baba. Durom guda na gani."

"Mota lahiya take?"

"Lahiya lau."

"Fada na nan, direba na nan, mai na nan. Takarda kaɗai ta ɓace, sai duk muka zauna." Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi, Mama ta shigo da gudu ta tallafe kansa. Da ya lafa ya ce, "Koma ka tambaye shi mi aka dahwa gidanai yau."

Maigidana ya koma. Bai jima ba ya dawo yana girgiza kai. Matar Badaru ta haihu, suna ya matso, kuɗinsa na cikin banki, masu hatsi na ƙauye kuma ba su san wani taransifa ba. Gero yake nema, da man gyaɗa na tuyar suna. Duk wanda ya kawo masa su, zai cika masa tanki.

Liman Abubakar, da ya shigo dubiya yana zaune kan tabarma, ya ce gero yana wuyansa. Saura man gyaɗa. Babu wanda ya dube ni, amma duk unguwar an san sana'ata ƙuli-ƙuli ce, kuma a ɗakina akwai jarka cike da man da na matse a makon, wanda na rasa mai saye.

Na fito na koma gida. Maigidana ya biyo ni.

"Hajara, ba dole."

"Ba man ba na," na ce masa. "Hanyar ta. Satin jiya aka tare motar 'yan kasuwa."

"Na sani."

"To in an ɗauke ka, mi zan ce ma yara?"

Ya zauna bakin gado. "Ranar da Inna ta rasu ina Sakkwato," ya ce. "Wanga tsoho shi ya tsaya aka gina kabari, ya tsaya can baya har aka gama salla. Bai san addu'armu ba, amma bai tahi ba. Ni ma ban san tasu ba. Mota kawai na iya."

Na janyo jarkar daga bayan ƙofa, na goge bakinta da tsumma, na tura masa.

Washegari Laraba suka kama hanya da sassafe, shi da wani dattijo ɗan cocinsu. Na wuni a gidan Baba, don in na zauna a nawa tunani zai kashe ni. Wayar maigidana ba ta shiga. Mama tana ta share tsakar gidan da babu datti. Ta shimfiɗa farin ƙyalle a kan ƙaramin tebur, ta ɗora kyandir da gicciye. Ta gaya mini ranar ce farkon azuminsu, Larabar Toka, ranar da ake shafa musu toka a goshi don su tuna ƙasa za su koma.

Baba yana barci yana farkawa, carbinsa naɗe a yatsu. Wajen azahar ya buɗe ido ya gan ni ina masa fifita.

"Ɗiyata, kin ji tsoro."

"Na ji, Baba."

"Ni ma. Tun sahe Magaji nike saka ma Uwa Maryamu cikin addu'a." Ya juya carbin a yatsunsa. "Na so in ga ranar da za a gyara wanga abu na kuɗɗi. Ba ni ganinta."

"Allah ya ba ka lahiya, ka gani."

"A'a. Amma gero na hitowa ko an buga takarda ko ba a buga ba. Wani zai gane."

La'asar ta wuce, na yi salla a ɗakin Mama, ina sallamewa na ji ƙugin motar. Na fito da sauri. Maigidana ya shigo da jar ƙasa har gira. A bayansa wani saurayi siriri ne cikin tsohuwar riga da hular sanyi, rungume da ƙaramar jaka a ƙirji. Da ban ga Mama ta durƙusa ba, da ban ce shi ne Fada ba. Sojoji ne suka tsayar da motoci a hanya, aka yi ta jira har aka ce a wuce.

Fada ya wanke hannu, ya rataya wani ƙyalle mai launin shunayya a wuya, ya ce a ba su wuri. Muka fito tsakar gida. Bayan wani lokaci ya kira Mama da dattijon, ya ce mu ma in muna so mu tsaya a ƙofa. Muka tsaya. Ya shafa wa Baba mai a goshi da tafukan hannu, ya sa masa ɗan farin abin nan siriri da suke karɓa a baki, sannan ya dangwali toka da babban yatsa ya zana masa. Baba ya rufe ido. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, duk tattarar goshin ta saki.

Muna cewa barci ya yi, sai ya kamo hannun rigar Fada.

"Fada, ka san da mi aka biya man da ya kawo ka?"

"An gaya mini a hanya, Baba. Gero da man gyaɗa."

"To ranar Lahadi ka hwaɗa musu. Kada ka tsaya kan azumi kaɗai. Ka ce Ubangiji ya ba da abinci ya ishi kowa, mu muka ƙulle shi da takarda."

Fada ya yi murmushi. "Zan faɗa."

"Kullum haka kuke cewa," in ji Baba. Har Mama sai da ta yi dariya, tana share hawaye da bakin zane.

Fada ya kwana a zauren Liman, don yamma ta yi wa hanya. Da hantsi washegari, ina suyar ƙuli, na jiyo Mama ta katanga tana jan addu'ar nan ita kaɗai, babu mai amsawa. Ta kai ƙarshe, ta sake ɗaukowa. Sai na sauke kaskon, na ɗauki mayafi. Na tarar da ita zaune a gefen gado, hannunsa cikin nata, Fada yana tsaye a kansu. Ta ɗago ta ce, "Hajara, Gwamna ya tahi."

'Yan unguwa suka cika ƙofar gida, har samarin da ke masa dariya. Badaru ya zo da kansa ɗauke da jarka, ya zuba wa motar mai. Aka jira ayarin motocin da sojoji ke rakawa, aka wuce da Baba Zuru, inda kakanninsa suke. Mama ta miƙo mini makullin gidan ta tagar mota, ta ce in riƙa zuba wa kaji ruwa.

Da yamma na shiga. Kajin suka taso mini, na watsa musu dusa, na cika kaskonsu. A kan igiya na ga farar rigarsa mai dogon hannu, wadda Mama ta wanke ba ta samu kwashewa ba. Ta bushe har ta yi tauri. Na sauke ta, na kaɗe, na ɓalla maɓallanta ɗaya bayan ɗaya, na ninke. Sai na tsaya a tsakar gidan riƙe da ita, kajin suna ta tsattsagar dusa a gefen ƙafata.